Bikin Aminiyata Ya Ƙarato, Ba Ni da Abin Ramawa

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a Kano, shekaruna sun haura 40, sana'ata ɗinki a cikin gida. Ina da aminiya wadda muka tashi tare tun muna 'yan mata, kuma duk hidimar da ta taso wa ɗayarmu tare muke yin ta. A shekarar 2016 da ta haihu na kai mata gudummawar naira 25,000 da turmin atamfa. A 2019 da na aurar da babbar 'yata ta kawo mini naira 50,000 da saitin kuloli, ta kuma kwana uku a gidana tana tsaye a kan girki da baƙi. Yanzu ita ma za ta aurar da 'yarta ta fari bayan Babbar Sallah, saura wata biyu, kuma bisa yadda muka saba ninki ya kamata in kai, wato naira 100,000, ban da kuɗin anko. Gaskiya ba ni da su. Kasuwar maigidana ta karye tun bara, da ɗinkin nan nake tallafa masa wajen cefane da kuɗin makarantar yara uku, kwasata ta adashi kuwa sai bayan bikin da wata huɗu. Makon jiya wata ƙawarmu ta zo ta ce mini aminiyar tawa ta ce a gaya mini littafinta yana nan, ba ta manta da kowa ba. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Na yi tunanin sayar da keken ɗinkina, ko in ci bashin nan na waya, ko in ƙirƙiri tafiya in bar garin har a gama. Maigidana ya ce kyauta kyauta ce, wanda ya bayar don a ninka masa riba yake nema, ya kuma ce kada in kuskura in taɓa keken. Ina jin kunyarta, ina kuma jin haushin saƙon da ta aiko. Don Allah ki ba ni shawara.

Wata baiwar Allah daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah Ya yaye miki wannan damuwa, Ya farfaɗo wa maigidanki da kasuwarsa, Ya kuma sa a yi bikin lafiya a tashi lafiya. Kafin in shiga zurfin maganar, ina so mu kawar da hanyoyi ukun da kika zayyana, domin babu ko ɗaya a cikinsu da zan so ki bi.

Keken ɗinkinki shi ne jarinki, kuma a halin da gidanku yake ciki shi ne yake ɗora tukunya. Idan kika sayar da shi za ki fita kunyar yini ɗaya, sannan ki wayi gari babu abin da za ki biya kuɗin makaranta da shi, babu kuma zubin adashin da kike jiran kwasarsa. Bashin waya ya fi wannan muni, saboda kuɗin ruwan da ake ɗorawa yana hauhawa cikin makonni, kuma da yawa daga masu bayar da shi sun saba aika saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke cikin wayar wanda ya yi jinkirin biya, abin da ya kai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a shekarar 2022. Kin ga ke nan asirin da kike son rufewa a gaban mace ɗaya zai tonu a gaban surukanki da duk masu kawo miki ɗinki. Guduwa kuwa ita ce wadda ba ta da gyara. Aminiyarki za ta iya yafe miki ƙarancin abin da kika kawo, amma da wuya ta manta cewa ranar da ta aurar da 'yarta ta fari ta waiga ba ta ga aminiyar da ta yi wa hidimar kwana uku ba, kuma a garin da kowa ya san kowa ƙaryar tafiya ba ta yin mako ba ta fito fili ba.

Yanzu mu dubi abin da yake tsakaninku da idon basira. Duk wadda ta taɓa zama uwar biki ta san wannan zama: kina cikin ɗaki ranar yini, ƙanwarki ko wata amintacciya tana gefenki da littafi da biro, mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna yi miki Allah sanya alheri, wannan ta kunce bakin zani, waccan ta miƙo ambulan, wata ta nuna shaidar turawa a fuskar waya, ana rubutawa, wance dubu biyar da kwalin taliya, wance dubu goma da bandir ɗin leshi. Babu wadda ta ce ta ba ki rance, babu ranar biya da aka sa, babu shaidu, kuma babu wadda za ta kai ki gaban alƙali. Duk da haka babu wadda ta fita daga ɗakin tana tunanin an gama magana. Iyayenmu mata, daga Zariya har Maraɗi da Damagaram, da wannan tsari suka aurar da 'ya'yansu ba tare da banki ba: mace tana zuba ƙananan kuɗinta a hannun ƙawayenta tsawon shekaru, ranar da tata hidimar ta zo sai su dawo mata a dunƙule. Hikimar ninkin kuwa ita ce kada lissafi ya taɓa yin daidai. Da kin mayar wa mace daidai abin da ta kawo miki, babu ragi babu ƙari, to kamar kin ce mata mun rabu lafiya ne, amma idan kika ɗora wani abu a kai kin bar mata dalilin dawowa gidanki. Saboda haka kunyar da kike ji tana da tushe, kuma ba zan ce miki ki watsar da ita ba. Akwai nauyi a kanki. Abin da nake musu a kai shi ne a ce nauyin nan naira 100,000 ne cif, a rana ɗaya, ko ta halin ƙaƙa.

Ki ɗan yi wannan lissafi tare da ni. A shekarar 2019 da ta kawo miki naira 50,000, mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 30,000 ne, dalar Amurka kuwa tana wajen naira 360. Wato ta damƙa miki abin da ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata ɗaya da rabi. Daga nan aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki darajar naira a watan da ya biyo baya, dala ta haura naira 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100, aka kuma mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Idan da darajar dala za a auna, abin da ta ba ki ya haura naira 200,000 a kuɗin 2024, don haka ko da kin sayar da keken kin kai mata ninkin da kike magana, kusan rabin ƙarfin abin da ta kawo kawai kika mayar mata. Ban faɗi wannan don in ƙara miki tashin hankali ba. Na faɗe shi ne don ki ga cewa ƙa'idar ninki an yi ta ne a zamanin da sule yake sule shekara da shekaru, kuma a yau babu adadin da za ki kai da zai sa ma'auni ya daidaita. Tunda adadi ba zai fitar da ke ba, dole a nemi mafita a wani wurin, kuma wurin shi ne magana tsakaninki da ita.

Ina so kuma ki tsaya a matsayinta na ɗan lokaci, domin wasiƙarki ta fi ba ni labarin halin da kike ciki. Matar da za ta aurar da 'yar fari a wannan zamani ba ta barci ita ma. Ko da uban yarinya ya ɗauki gado da katifa da kujeru, kayan kicin a wuyan uwa suke, tun daga tukwane da kuloli har tangaran da risho ko tukunyar gas, sannan ga gara tana tafe da shinkafarta da taliya da mai, da alkaki da nakiya da dubulan, ga abincin yini, ga 'yan jere, ga idon dangin ango da za su zo ganin ɗaki su koma suna bayar da labari. Ba mamaki ta zauna da littafin nan ta lissafa wa kanta cewa daga wance kaza zai shigo, daga wance kaza, ta je kasuwa ta karɓi kaya a kan wannan tsammani. Sunanki kuwa yana cikin na sama, domin ke ce aminiya. Wannan shi ya sa shirunki ya fi rashin kuɗinki haɗari gare ta. Idan ta sani yau cewa dubu ɗari ba za ta zo daga wurinki ba, tana da wata biyu ta sake tsari, ta rage wani abu ko ta nemi wata ƙofa. Idan kuwa sai ranar yini ta gane, to kin bar ta da giɓi a lokacin da babu damar cike shi, kuma a nan ne za ta sami hujjar jin haushinki da gaske.

Game da saƙon da ya hana ki barci, ina roƙonki ki riƙe shi da sassauci. Ba daga bakinta kika ji shi ba. Magana irin wannan mata suna yin ta cikin raha a gaban taro, a yi dariya a tafa, sai wata ta ɗauko ta ta cire dariyar ta kawo miki tsurarta. Mai yiwuwa ma da dukan ƙawaye take, ba ke kaɗai ba. Idan kuma da gaske ke ta nufa, to ban ga kyan aika irin wannan ta bakin wata ba, domin gori yana zubar da ladan alheri, amma zan fassara shi da firgicin mai hidima kafin in fassara shi da rashin mutunci. Abin da nake so ki kiyaye shi ne kada ki mayar da amsa ta hanyar da saƙon ya zo. Wadda ta kawo miki magana za ta koma da taki, kuma ba lallai ta isar da ita yadda kika faɗe ta ba.

Maigidanki ya yi gaskiya a kan keken, ki gode masa, duk da cewa dukiyarki ce kuma shawara ce yake ba ki a kanta. A kan cewa kyauta kyauta ce kuwa, maganarsa tana da rabin gaskiya. Malaman mazhabar Malikiyya sun bambanta kyautar da aka yi don Allah ko don sada zumunci, wadda ba a komawa a nemi madadinta, da kyautar da aka yi da nufin a saka, wadda suke kira hibatus sawab. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta bayyana cewa wanda aka yi wa kyauta irin ta biyun ko dai ya saka da ƙimarta ko ya mayar da ita, idan kuma ta riga ta salwanta to ƙimarta tana kansa, matuƙar alamu sun nuna cewa mai bayarwar sakayya yake nufi. Gudummawar da aka rubuta a littafi kowa ya san ba sadaka ba ce. Haka nan ya tabbata a Bukhari daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana karɓar kyauta yana kuma saka wa mai ita. Inda maigidan naki yake da hujja mai ƙarfi shi ne wajen ninkin: da zarar ya zama sharaɗi cewa kuɗi za su dawo kuɗi tare da ƙari bayan wani lokaci, to abin ya shiga wurin da malamai suke gargaɗi a kan riba, kuma saboda haka ne suka fi natsuwa da a saka kyautar kuɗi da kaya. Ku je tare ku tambayi malamin da kuka amince da shi, domin jin amsar daga bakin malami zai sauƙaƙa muku ku biyun. Sannan ki tuna masa cikin ladabi cewa kulolin nan suna ɗakin 'yarsa, kuma kwana ukun da matar nan ta yi tana kan murhu mutuncin gidansa ta kare. Maza ma ai suna da tasu gudummawar, suna cusa wa juna ambulan a ƙofar masallaci ranar ɗaurin aure, kuma kowannensu yana riƙe da lissafi a kansa ko da bai rubuta ba. Ki roƙe shi ya je ya yi wa mijin aminiyarki Allah sanya alheri tun kafin ranar, ya kuma halarci ɗaurin auren, domin hakan zai nuna cewa gida ne yake tare da gida.

Abin da za ki yi a wannan makon shi ne ki taka da ƙafarki zuwa gidanta, ai an ce zumunta a ƙafa take. Kada ki yi ta waya, kada ki tura saƙon murya, kuma kada ki tafi da rakiya. Ki zaɓi hantsi, lokacin da yara suka tafi makaranta maigida ya fita, ki riƙe ɗan abin hannu ko da ƙosai ne ko turaren wuta. Ki fara da ambaton abin da ta yi miki dalla-dalla, kuɗin da kulolin da kwanakin, domin mai alheri yana son ya san ba a manta ba, kuma sau da yawa wannan shi ne ainihin abin da yake nema idan ya ambaci littafi. Daga nan ki faɗa mata halin da ake ciki ba tare da kwana-kwana ba, misali ki ce: "Aminiya, kin san yadda kasuwar baban yara ta kasance. Na san abin da yake kaina, kuma ban manta ba, amma ba zan iya haɗa shi gaba ɗaya kafin biki ba, shi ya sa na zo da wuri don kada ki sa ni a lissafin da zan ba ki kunya." Sai ki faɗi adadin da kika tabbata za ki iya, ko da naira 20,000 ne ko 30,000, kuma kada kunya ta sa ki yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinki, domin saɓa alkawari na biyu zai rushe duk abin da zuwan naki ya gina.

A nan ne sana'arki za ta yi miki rana, kuma na yi mamakin yadda ba ki ambaci wannan a wasiƙarki ba, ko da yake mai damuwa ba ya ganin abin da ke hannunsa. Amarya tana da ɗinkunan fitar biki, na kamu da na yini da na buɗar kai, ga atamfofi da lesussukan lefe da za a ɗinka mata kafin ta tare. Ɗakinta yana buƙatar labule da zannuwan gado da rigunan filo. Uwar amarya da ƙannenta kowa yana da anko. Duk wannan aiki kuɗi ne tsaba aminiyarki za ta ƙirga wa wani tela, kuma ke kin fi ni sanin nawa ake karɓa a kan leshi ɗaya yanzu. Ki ce mata kin ɗauke mata wannan, ita ta kawo yadi ko ku shiga Kantin Kwari tare ki taya ta zaɓe da ciniki, ke kuma ki sa zare da aiki. Ki yi wa aikin kuɗi a ranki yadda za ki yi wa baƙuwa, za ki ga ya kai wani adadi mai kauri, wataƙila ya kusa abin da kike kuka a kai. Sannan ki sa a rubuta shi a littafin da sunanki kamar kowace gudummawa, domin kada bayan shekaru a buɗe a ga ɗan kuɗin da kika kawo kawai. Wannan hanya ta kuma warware damuwar maigidanki, tunda aiki da kaya kika mayar a madadin kuɗi. Ki ƙara da jikinki: ki kwana a gidan kamar yadda ta kwana a naki, ki tsaya a kan girki, ki shiga cikin 'yan jere, ki raka amarya ɗakinta.

Akwai kuma ƙofar adashi. Ki sami uwar adashinku ki tambaye ta ko akwai wadda kwasarta ta faɗo kafin bikin da za ta yarda ku yi musaya, domin ana yin haka, musamman ga mai hidima a gabanta. Idan an samu, kada ki juye kwasar duka a biki, ki fara cire kuɗin makarantar zango mai zuwa. Idan ba a samu ba, babu laifi, hidimar 'ya mace ba ta ƙarewa ranar kai amarya. Ki gaya wa aminiyarki cewa ragowar yana tafe idan kika kwasa, kuma in Allah Ya kawo rabo akwai kayan barka da suna a gaba, lokacin da uwa take sake shiga wata ɗawainiyar bayan masu gudummawa sun watse. Anko kuwa ki yi na yini kaɗai idan kala biyu ko uku aka fitar, babu mai hankalin da zai ƙirga miki.

Tunda kun zauna, ina ba ki shawara ku taɓo maganar gaba, amma sai idan kin ga fuskarta ta saki. Ninki ba ya tafiya har abada, domin daga 25,000 zuwa 50,000 zuwa 100,000, na gaba 200,000 ne, kuma a kanta zai faɗa ranar da kika tashi aurar da wata 'yar. Tsofaffinmu sun san wannan, shi ya sa idan abin ya yi nauyi ƙawaye biyu sukan yarda su sauke shi su koma ƙaramin adadi su sake farawa, ba tare da an ce zumunci ya lalace ba. Ke ce kike cikin ƙunci yau, amma sauƙin da kike nema ita ma zai amfane ta gobe, kuma mai yiwuwa ta daɗe tana son wani ya fara furta shi.

Zai iya faruwa ta ɓata rai, ta yi miki magana mai zafi, ko ta karɓe ki a sanyaye. Idan haka ta faru kada ki rama, kuma kada ki fita ki kai ƙararta wurin ƙawaye. Ki ba ta kwana biyu, ki koma da tef ɗin awonki ki ce kin zo ɗaukar awon amarya. Idan ta nace cewa kuɗinta take so, to ki ɗauki naira 50,000 ɗin da ta ba ki a matsayin haƙƙin da za ki sauke, ki biya kashi-kashi gwargwadon ikonki kina rubutawa, ki tuna cewa ko a bashi na gaske aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Bikin kuma ki je ko da ba a sake miki fuska ba, saboda yarinyar da ta tashi tana kiranki Mama ba ta yi miki laifin komai ba.

Abu na ƙarshe shi ne tsarin lokaci, domin bikin ya faɗo bayan Babbar Sallah, kuma kin san yadda ɗinki yake cunkushewa a makonni ukun da suke gabanta. Ki karɓi kayan amarya tun yanzu ki gama na fitar biki da labule kafin masu ɗinkin Sallah su fara tururuwa, ki bar zannuwan gado da rigunan filo zuwa bayan Sallah tunda ba sa buƙatar gwaji. Daga kuɗin ɗinkin Sallar kuma ki riƙa ware wani abu a kan kowace riga kina ajiyewa daban, daga nan ne adadin da kika yi mata alkawari zai fito ba tare da kin taɓa kuɗin cefane ba. Allah Ya rufa asiri, Ya ba amarya da angonta zaman lafiya.